Suna Ɗaya, Ayyuka Daban-daban: Tambayoyi da Amsoshi Kan Labarai, Shirye-shiryen Talabijin da Waƙoƙin da Suka Yi Tarayya a Suna

Duk wanda ya daɗe yana bibiyar adabin Hausa ya san cewa ambaton suna kaɗai ba ya wadatarwa wajen gane aikin da ake nufi. Mutum biyu za su iya shafe lokaci suna gardama a kan wani labari, sai daga baya ta bayyana cewa ɗaya littafi yake nufi, ɗayan kuma fim ko shirin talabijin. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu karatu, masu kallo da sababbin marubuta suka fi yi a kan wannan al'amari.

Me ya sa ake yawan samun littafi, fim da waƙa masu suna ɗaya?

Babban dalili shi ne cewa marubutan Hausa da mawaƙansu daga rijiya ɗaya suke ɗiban ruwa, wato karin magana, kirari, tatsuniya da maganganun yau da kullum. Idan aka dubi sunayen fitattun ayyuka kamar Jiki Magayi, Magana Jari Ce, Tura Ta Kai Bango, Kulɓa Na Ɓarna da Zaman Duniya Iyawa Ne, za a ga cewa babu ko ɗaya daga cikinsu da marubucin ya ƙago daga kansa, domin maganganu ne da Hausawa suka daɗe suna faɗa kafin a haifi waɗanda suka sa su a bangon littafi. Tunda kuwa abin na kowa ne, ba abin mamaki ba ne wani ya zo bayan shekara goma ko ashirin ya ɗauki karin maganar nan ya raɗa wa nasa aikin, ko ya san da na farko ko bai sani ba.

Dalili na biyu shi ne juya aiki daga wata siga zuwa wata. Idan aka mayar da littafi wasan kwaikwayo ko fim, yawanci ana barin sunan yadda yake, domin waɗanda suka karanta littafin su ne farkon masu neman fim ɗin. Akwai kuma dalilin da ba shi da daɗin faɗa, amma yana nan: wasu suna ɗaukar sunan da ya riga ya yi tashe ne da gangan, don su ci albarkacin farin jinin da wani ya sha wahala ya gina.

Shin wannan abu ne da fina-finan zamani suka kawo?

A'a, ya girmi Kannywood nesa ba kusa ba. Misali mafi bayyana shi ne Ruwan Bagaja. Tun kafin Abubakar Imam ya rubuta littafinsa, wanda aka buga a 1934 bayan gasar rubutun da Rupert East, wani Bature jami'in ilimi, ya shirya a Zariya a 1933, akwai tatsuniya mai wannan suna da iyaye mata suke yi wa yara da dare. A tatsuniyar, 'yar bora ce aka tura ta wanko ƙirgi a Ruwan Bagaja, tana tafe tana yi wa duk kogin da ta tarar waƙa tana tambayarsa ko shi ne wanda take nema, har ta dawo da arziki saboda ladabinta, 'yar mowa kuma ta bi sawunta da rashin kunya ta dawo da akasin haka. A littafin Imam kuwa, Alhaji Imam ne ya fita yawon duniya neman wannan ruwa don a yi wa ɗan sarki magani, yana ta karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman a gari bayan gari. Abin da ya haɗa su shi ne sunan da kuma tafiya neman ruwa mai wuyar samu, amma taurari, zubi da manufa duk sun sha bamban. Ga nan tatsuniya, waƙar cikinta da ƙagaggen labari sun taru a ƙarƙashin suna ɗaya, kuma babu mai cewa Imam ya yi laifi.

Daga cikin littattafan wannan gasa akwai Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Bayan shekaru masu yawa gidan talabijin na NTA Sakkwato ya yi wasan kwaikwayo mai farin jini da wannan suna, har ta kai ga cewa idan aka ambaci sunan a gaban mutanen Sakkwato da suka yi kallo a wancan zamani, shirin ne yake fara zuwa musu a rai, ba littafin ba. Haka kuma wasu ayyuka daga iska suka sauko kan takarda: Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan ya yi suna a gidan rediyo da talabijin na Kaduna kafin a buga shi littafi a 1980.

Idan littafi da fim suka yi suna ɗaya, ke nan labarinsu ɗaya ne?

Ba dole ba ne, kuma a nan ne aka fi yin kuskure, har a rubuce-rubucen ɗalibai. Turmin Danya ya isa misali. Akwai littafin Sulaiman Ibrahim Katsina mai wannan suna, wanda ya fito a 1982 cikin jerin littattafan da suka yi nasara a gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya, tare da irin su Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Tsumangiyar Kan Hanya na Musa Muhammad Bello, kuma jigonsa fasa-ƙwauri ne da cin hanci. Akwai kuma fim ɗin Turmin Danya da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, wanda ake lissafawa a matsayin farkon fim ɗin bidiyo na Hausa da ya shiga kasuwa. Ayyuka ne guda biyu daban, kowanne da matsayinsa a tarihi, kuma wanda ya gauraya su ya zalunci duka biyun.

Akwai kuma akasin haka, inda suna ɗaya yake rufe labarai fiye da ɗaya a hannun mai shi. Shirin Labarina na Aminu Saira, wanda ya fara fitowa a 2020, ya soma ne da labarin Sumayya, daga baya kuma ya buɗe wani sabon labari da sababbin taurari ba tare da an canza sunan ba. A irin wannan hali sunan ya zama tambarin kamfani da alƙawarin wani irin salo, ya daina zama sunan labari guda. Saboda haka wanda ya ce ya kalli Labarina bai gama bayani ba sai ya faɗi zangon da yake nufi.

Waɗanne ayyuka ne aka juya daga littafi zuwa fim ko talabijin aka bar musu sunansu?

Shaihu Umar ne ya fi kowanne doguwar tafiya. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi aka buga a 1934, Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo aka buga a 1975, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Fim ɗin ya ɓace wa jama'a tsawon shekaru, sai da aka gano faifansa aka gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Littafi, fassara, wasa da fim duk suna amsa suna ɗaya, kuma kowanne yana da abin da ya ƙara ko ya rage.

Magana Jari Ce, wanda ya fito cikin littafi uku tsakanin 1937 da 1939, ya zama shirin talabijin a NTA Kaduna a shekarun 1980. Kulɓa Na Ɓarna, wasan kwaikwayon Umaru Ɗanjuma Katsina na 1979, ya zama fim a farkon shekarun 1990. Da adabin kasuwar Kano, wato littattafan labarai da marubuta suke bugawa da kansu su kai kasuwa, ya bunƙasa, marubutan da kansu suka shiga harkar fim da littattafansu: In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya zama fim a 1994, haka ma Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu suka bi baya kafin ƙarshen wannan shekaru goma. Wannan zamani yana da muhimmanci, domin shi ne lokacin da sunan littafi ya zama jarin da ake shiga kasuwar fim da shi.

Yaya abin yake a fagen waƙa? Me ya sa mawaƙa da yawa suke da Bakandamiya?

Waƙar baka ba ta taso da al'adar raɗa suna irin ta littafi ba. Makaɗin fada ko na jama'a ba ya zama ya ce ga sunan waƙata, jama'a ne suke kiranta da sunan wanda aka yi wa, ko kuma da farkon amshinta. Shi ya sa idan makaɗa uku suka yi wa basarake ɗaya waƙa, dukansu za a ji ana cewa waƙar sarki wane, sai an ƙara sunan makaɗin ko an rero amshin kafin a san wadda ake nufi. Sunayen da muke gani a jikin kaset da faifai, da yawansu ma'aikatan gidajen rediyo da masu sayar da kaset ne suka rubuta don sauƙin ajiya.

Bakandamiya kuwa matsayi ce kafin ta zama suna, domin ita ce waƙar da makaɗi ya zuba iyakar fasaharsa a ciki, ya wasa kansa, ya nuna fifikonsa a kan abokan sana'a. Ibrahim Narambaɗa yana da tasa, wadda ya yi wa Sarkin Gobir na Isa, Mamman Shata ma yana da tasa, kuma ba su yi kama ba ko a kiɗa ko a zubi. Ba wanda ya kwaikwayi wani, kuma babu mai hankalin da zai ce ɗayansu ya mallaki kalmar.

Rubutacciyar waƙa ma haka take. Sunaye irin su Waƙar Ilimi, Waƙar Duniya, Waƙar Damina da Begen Annabi sun maimaitu a hannun sha'irai masu yawa, domin jigon waƙar suke faɗa kawai. Malaman da suka yi aiki da tsofaffin takardun ajami sun daɗe da sanin maganin wannan: ana gane waƙa da baitinta na farko, da harafin amsa-amonta, da kuma ramzi, wato haruffan da suke nuna shekarar da aka yi ta, wanda mawallafin yakan saka a ƙarshe.

A fina-finan Hausa, fim ne yake ba waƙa suna ko waƙa ce take ba fim?

Duka biyun suna faruwa. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da Sangaya ya fito a 1999 waƙarsa ta cika gari, masu shirya fim suka fahimci cewa waƙar da take maimaita sunan fim talla ce da ba a biya wa kuɗin iska. Yaro yana rera ta a lungu, mai shayi yana kunna ta, sunan fim ɗin yana yawo. Daga nan aka shiga zamanin da wani lokaci waƙar ce ake fara yi, a fitar da ita, in ta karɓu sannan a gina mata labari, abin da ya jawo wa masana'antar suka mai yawa daga masu ganin cewa labari ne ya kamata ya ja waƙa. A ganina sukar tana da tushe, domin fim ɗin da aka ɗinka don ya dace da waƙa yakan fito da labari mai rauni.

Sunan ba ya tsayawa a kan fim da waƙa, yakan bi mutane ma. Rukayya Dawayya da Sadiya Gyale daga fina-finai suka samo laƙabinsu, mawaƙiya Maryam Sangandale daga waƙa, Aisha Najamu kuma jama'a sun fi saninta da Aisha Izzar So. Wanda ya rubuta ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi a intanet zai ga fim, waƙa da mutum sun fito masa a jere.

Doka ta hana mutum ya yi amfani da sunan da wani ya riga ya sa wa aikinsa?

A bisa ƙa'idar da Najeriya ta gada daga tsarin shari'ar Ingila, haƙƙin mallaka yana kare aikin ne, wato zubin labarin, kalmomin waƙar da karinta, amma gajeren suna shi kaɗai ba a ɗaukarsa aikin adabi mai zaman kansa. Shari'ar da aka fi kafa hujja da ita a wannan batu ta shafi waƙa da fim ne kai tsaye. Wani kamfanin buga waƙoƙi ya mallaki wata tsohuwar waƙar Turanci mai suna The Man Who Broke the Bank at Monte Carlo, sai kamfanin Twentieth Century Fox ya fitar da fim da wannan suna a 1935, ba tare da ya yi amfani da baitocin waƙar ko kiɗanta ba. Ƙarar ta taso daga Kanada ta kai gaban Privy Council a Landan, wadda ita ce kotun ƙarshe ga Najeriya ma har zuwa 1963, kuma a 1939 kotun ta yanke cewa ɗaukar sunan kaɗai bai zama keta haƙƙin mallaka ba.

Dokar da take aiki a Najeriya yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023. Tana kare ayyukan adabi da na waƙa tsawon rayuwar mai su da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa, fina-finai da sautin da aka naɗa kuma shekara 50. Bisa wannan lissafi, ayyukan Abubakar Imam, wanda ya rasu a 1981, suna cikin kariya har ƙarshen 2051. Abin da wannan kariya ta hana shi ne a kwashe labaransa a buga ko a yi fim da su ba izini. Ba ta hana wani ya furta karin maganar da ya sa wa littafinsa ba.

Ke nan marubucin da aka ɗauki sunan aikinsa ba shi da abin yi?

Yana da shi, amma sai ya san ƙofar da zai bi. Idan ba sunan kaɗai aka ɗauka ba, aka haɗa da taurari, jerin aukuwa da zubin labarin, to wannan juya aiki ne, kuma doka ta keɓe wa mai aikin ikon ba da izinin yin haka. Canza sunayen taurari ko mayar da labarin daga Kano zuwa Kaduna ba ya wanke wanda ya yi. Irin wannan ƙara Babbar Kotun Tarayya ce take saurarenta.

Idan kuma sunan kaɗai aka ɗauka, amma aka yi shi ta yadda jama'a za su zaci aikin na farko ne ko ci gabansa, to akwai ƙarar sojan gona a kasuwanci. A nan mai ƙara zai nuna cewa sunan ya shahara da aikinsa, cewa an ruɗi masu saye, kuma ya yi asara ko yana fuskantar yin ta. Hanya ta uku ita ce rajistar sunan a matsayin alamar kasuwanci, kuma ta fi dacewa da shiri mai dogon zango ko jerin littattafai, inda sunan ya zama shaidar kamfani. Sunan da yake bayyana jigo kawai, ko wanda kowa yake faɗa a kasuwa, yana da wuyar samun irin wannan rajista.

Ya kamata a faɗi cewa yawancin irin wannan saɓani a tsakanin marubuta da masu fim na Hausa ba ya kaiwa kotu. Ƙungiyoyin marubuta da na masu shirya fim da dattawan sana'a ne suke shiga tsakani, kuma sau da yawa abin da wanda aka ɓata wa yake nema bai wuce a ambaci sunansa a kuma nemi yardarsa ba.

Karin magana da tatsuniya fa, mallakar wa ne?

Na al'umma ne. Wanda ya sa wa littafinsa karin magana ya ara ne, bai saya ba, don haka ba shi da hurumin hana na bayansa. Dokar Najeriya ta tanadi kariya ta musamman ga al'adun gargajiya irin su tatsuniyoyi da waƙoƙin jama'a, ta ɗora kula da su a kan Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa, amma ta bar ƙofa ga mai fasahar da ya aro daga cikinsu don ya gina sabon aiki nasa. Fim ɗin Daskin Da Riɗi, wanda aka gina a kan sananniyar tatsuniya, misali ne na irin wannan aro. Abin da mai fim ya ƙara na tsari, tattaunawa da waƙa nasa ne, tatsuniyar kuma tana nan ga duk mai son ya sake ba da ita ta tasa hanya.

Haka dokar take a Nijar da sauran ƙasashen da Hausawa suke?

Akwai bambanci. Dokar Faransa ta fito fili ta ce ana kare sunan aiki kamar yadda ake kare aikin, matuƙar sunan yana da ƙirƙira ta asali, kuma tsarin shari'ar ƙasashen da Faransa ta yi wa mulki ya tasirantu da nata. Nijar tana da ofishinta na haƙƙin mawallafa, BNDA, a Yamai. Ta fuskar alamar kasuwanci kuma, Nijar, Kamaru da Chadi suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda rajista ɗaya take aiki a dukan ƙasashen ƙungiyar. Najeriya ba ta ciki, saboda haka rajistar da aka yi a Abuja ba ta kare suna a Maraɗi ko Damagaram, ko da yake masu kallon shirin ɗaya ne a ɓangarorin biyu na iyaka.

Akwai inda masu fim suke rajistar suna don kada a yi karo?

A manyan masana'antu akwai. A Amurka ƙungiyar manyan kamfanonin fim tana da ofishin rajistar sunaye tun shekarun 1920, a Indiya ma ƙungiyoyin masu shirya fim suna karɓar rajistar suna daga mambobinsu. Wannan yarjejeniya ce ta 'yan sana'a, ba dokar ƙasa ba, kuma ba ta hana maimaita suna bayan lokaci ya ja. Masu kallon fina-finan Indiya sun san Devdas na 1955 da Dilip Kumar ya fito a ciki da kuma na 2002 na Shah Rukh Khan, dukansu daga littafin Bengali na 1917, kamar yadda suka san Don na 1978 da na 2006. A gida ma an sake yin Mujadala a 2018 da sababbin fuskoki, aka bar masa sunansa na asali.

A Najeriya, Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa da aka kafa a 1993 da takwararta ta Jihar Kano da aka kafa a 2001 aikinsu duba abin da fim ya ƙunsa ne. Takardar shaidar da suke bayarwa tana iya zama hujjar cewa fim mai suna kaza ya wanzu a shekara kaza, amma ba takardar mallakar suna ba ce. Haka rajistar aiki a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka: ba sharaɗi ba ce ta samun haƙƙi, domin haƙƙin yana tabbata da zarar an rubuta ko an naɗi aikin, sai dai tana da amfani ranar da aka shiga jayayya a kan wanda ya riga wani.

Ta yaya mai karatu ko mai kallo zai bambance ayyuka masu suna ɗaya?

Ya haɗa sunan da abu biyu aƙalla: mai aikin da shekara. Ga littafi, a duba marubuci, maɗaba'a da lambar ISBN idan akwai, wadda Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa yake bayarwa a Najeriya. Ga fim, a duba kamfani, mai ba da umarni da manyan 'yan wasa. Ga shiri mai dogon zango, a ƙara da tashar da take nuna shi da lambar zango. Ga waƙa, sunan mawaƙi da farkon amshi sun fi komai saurin warware ruɗani. Wani lokaci ma sai an tantance ko ana maganar shiri ne ko wuri, domin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ƙagaggen gari ne, alhali akwai garin Daɗin Kowa na gaske mai madatsar ruwa a Jihar Gombe, akwai kuma unguwa mai wannan suna a Jos.

A YouTube da Facebook sai an ƙara lura, domin akwai masu ɗora tsohon fim su liƙa masa sunan shirin da ake yayi, har da lambar fitowar da ba a kai ba tukuna. Tashar da ta ɗora abin ita ce shaida ta farko: idan ba ta kamfanin da ya shirya ba ce, to akwai alamar tambaya.

Wace illa ce wannan tarayya a suna take haifarwa?

Asarar kuɗi tana nan, amma wadda ta fi damuna ita ce asarar tarihi. Littattafan adabin kasuwar Kano da yawa sun fito ba shekarar bugu, ba lambar ISBN, wasu ma ba sunan maɗaba'a. Fina-finan kaset da aka sayar a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano da yawansu ba su da kwafi a wata ma'ajiya ta hukuma. Idan sabon aiki mai ƙarfin talla ya zo da sunan ɗaya daga cikinsu, sai ya danne shi gaba ɗaya: duk wanda ya bincika sabon zai gani, har a wayi gari matasa ba su san an taɓa yin na farko ba. Marubuciyar da ta yi tashe a 1995 tana iya rasa ko da ambato, ba don an sace labarinta ba, sai don an binne sunan littafinta a ƙarƙashin wani.

Matsalar ta ƙaru da yawaitar littattafan intanet da ake rabawa a WhatsApp da Wattpad, waɗanda kuma ake karantawa a tashoshin YouTube. Sau da yawa ana tura labari daga waya zuwa waya har sunan marubuciyar ya faɗi a hanya, ya rage sunan labarin kaɗai, kuma idan akwai labari uku masu wannan suna, babu mai iya cewa wanne ne na wa. Masu karanta littattafai a tashoshinsu suna da nauyi a nan: faɗin sunan marubuci a farkon kowace fitowa ba ya cin minti ɗaya.

Mai sabon aiki ya kamata ya guji duk sunan da aka taɓa amfani da shi?

Ba lallai ba ne, domin da za a bi wannan da tsanani da karin maganar Hausa ta ƙare wa marubuta tun tuni. Abin da ya wajaba shi ne bincike kafin a yanke shawara: a duba intanet, a tambayi masu sayar da littattafai da tsofaffin 'yan fim, waɗanda sau da yawa suke riƙe da abin da ba a rubuta a ko'ina ba. Idan aka tarar sunan yana kan aikin da har yanzu yake kasuwa, ko wanda ya shahara har sunan ya manne masa, kamar Magana Jari Ce ko Kwana Casa'in, to a nemi wani, domin ko doka ba ta kama mutum ba masu kallo za su auna sabon da tsohon, kuma da wuya sabon ya ji daɗin awon. Idan kuwa tsohon aiki ne da ya kwanta, kuma labarin bai haɗa su ba, ana iya amfani da sunan, amma ya dace a sanar da mai shi ko magadansa, a kuma ƙara wata kalma ko ƙaramin suna a ƙasa da zai raba su. Idan labarin ma daga wurinsa aka ɗauko, to sai an yi yarjejeniya a rubuce wadda ta fayyace kuɗi, tsawon lokacin izini, ikon canza labarin, da yadda za a rubuta sunan marubucin a farkon fim da kuma a jikin fasta.